Shin An So Ni? Tambayar Ɗan Riƙo, Daga Koriya Zuwa Tsakar Gidajenmu

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, a ranar 26 ga watan Maris na 2025, wata hukumar binciken gaskiya da gwamnatin Koriya ta Kudu ta kafa ta fitar da rahoto a kan yaran ƙasar da aka riƙa ɗauka ana kai wa wasu iyaye a Amurka da Turai. Tun bayan yaƙin Koriya da ya tsaya a 1953 ake wannan jigila, ta fi ƙarfi a shekarun 1970 da 1980, kuma wasu ƙididdiga na kai adadin yaran zuwa kusan 200,000. Mutum 367 daga cikinsu ne suka shigar da koke, da yawansu sun haura shekara arba'in, sun tashi da harsunan Turai a bakinsu. A wannan rahoto hukumar ta tabbatar da tauye haƙƙi a kan 56 daga cikin koke-koken. Ta gano cewa ƙungiyoyin da ke wannan aiki suna rubuta yaro a matsayin maraya ko wanda aka tsinta a titi alhali iyayensa suna raye. Wani lokacin ma, idan yaron da aka gama wa takardu ya rasu, ko danginsa suka zo suka karɓe abinsu, sai a ɗauko wani yaro a liƙa masa sunan wancan a sa shi a jirgi. A watan Oktoban 2025 shugaban ƙasar, Lee Jae Myung, ya nemi afuwa a madadin gwamnati.

Cikin labaran da suka fito daga can akwai na wata uwa da ƙaramar ƴarta ta ɓace a 1975. Matar nan ta shekara 44 tana neman ta. Ofishin ƴan sanda, gidajen marayu, gidajen rediyo da talabijin, ba inda ba ta sa ƙafa ba. Ashe ba a daɗe da ɓatan ba aka rubuta yarinyar a matsayin marar kowa, aka kai ta Amurka. Sai a 2019 gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA, ya haɗa su. Mu ɗan tsaya a kan wannan yarinya. Ko da a ce gidan da ta shiga sun riƙe ta da amana iyakar iyawarsu, takardar da ta taso da ita tana gaya mata cewa babu mai neman ta a duniya, a daidai lokacin da uwarta ke yawo da hotonta kwararo kwararo.

Duk yaron da ya tashi a hannun da ba na mahaifansa ba yana ɗauke da wata tambaya, ko ya furta ko bai furta ba. Waɗanda suka haife ni, da son ransu suka rabu da ni? Waɗanda suka riƙe ni kuma, ni ɗin suke so, ko gurbin da na cike musu? Cika masa ciki ba ya amsa ta. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin, aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2002, ya nuna cewa yaran da aka kawo daga ƙasashen waje aka yi renonsu a can sun ninka tsararrakinsu fiye da sau uku wajen yunƙurin kashe kai, duk da cewa mafi yawansu sun tashi lafiya lau. Suwidin kuwa ba ƙasar yunwa ba ce.

Shi ya sa ƙasashe ke ta rufe wannan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Habasha ta hana ba baƙi ƴaƴanta a farkon 2018. Holan ta dakatar da karɓo yara daga waje a 2021 bayan wani kwamiti ya bankaɗo takardun jabu da cinikin yara. Ƙasar Sin ta rufe nata a 2024.

Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoban 2007 aka tsare wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé a garin Abeche na gabashin Chadi, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, inda iyalai ke jiran su. Sun ce marayun Darfur ne. An ma naɗa wa wasu yaran bandeji don su yi kama da majinyata. Da hukumomin agaji suka zauna da yaran, sai ya bayyana cewa mafi yawansu ƴan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko wani babba da ke tsaye a kansu. Iyaye da dama sun ce abin da aka gaya musu shi ne za a sa yaran makaranta a nan cikin ƙasa. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani a watan Disamba, aka mayar da su Faransa, sannan shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Da jirgin nan ya tashi, da yau akwai samari da ƴanmata 103 a Faransa da suka yi imani cewa yaƙi ya cinye iyayensu, iyayen kuwa suna nan a ƙauyukansu suna jiran hutun makaranta.

Idan irin wannan labari ya zo, za ka ji ɗalibai a zaure suna cewa ai dama Musulunci ya riga ya haramta wannan, mu mun huta. Rabin maganar gaskiya ne. Abin da Larabawa ke kira tabanni, wato mutum ya ɗauki ɗan wani ya jingina shi ga kansa, ya ba shi sunansa da gadonsa kamar shi ya haife shi, aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab sun rushe shi, suka yi umarni a riƙa kiran kowa da sunan mahaifinsa, wanda ba a san mahaifinsa ba kuma a ɗauke shi ɗan'uwa a addini. Amma wanda ya karanta hukuncin bai karanta ƙissar da ya sauka a kanta ba, zai ɗauka cewa Shari'a ta zo ne ta nesanta yaron.

Zaidu ɗan Harisa, Allah ya ƙara masa yarda, yana yaro aka kama shi a wani hari lokacin da mahaifiyarsa ta kai shi ziyara wurin danginta. Aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, Hakimu ɗan Hizam ya saye shi ya ba goggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Mahaifinsa bai haƙura ba. Ya yi ta cigiya har labari ya iske shi cewa ɗansa yana Makka, ya taso shi da ɗan'uwansa da kuɗin fansa. Annabi bai ɓoye yaron ba, bai ce ba shi ba ne. Ya kira Zaidu ya tambaye shi ko ya san mutanen nan, ya ce mahaifinsa ne da baffansa. Sai ya ba shi zaɓi, ko ya bi su ba tare da ko sisi ba, ko ya zauna. Zaidu ya zaɓi zama. Annabi ya kama hannunsa ya kai shi wurin Ka'aba ya shaida wa Ƙuraishawa matsayinsa a wurinsa, mahaifin ya koma gida hankalinsa kwance.

Ku duba abin da Zaidu ya samu a wannan yini guda. Ya ga mahaifinsa da ƙurar tafiya a jikinsa saboda shi, ya kuma ga wanda ya riƙe shi yana alfahari da shi a bainar jama'a. Tambayar nan mai fuska biyu an amsa masa ita gaba ɗaya. Da ayar ta sauka daga baya aka daina ce masa Zaidu ɗan Muhammad, suna kawai ya koma inda ya fito. Shi ne sahabi ɗaya tilo da Alƙur'ani ya ambaci sunansa ƙarara, sahabbai suna kiransa masoyin Manzon Allah, shi aka ba tutar rundunar Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ɗansa Usama kuma a cinyar Annabi ya tashi tare da Hasan. Haka Salim, wanda Abu Huzaifa ya riƙa. Shi ba a san mahaifinsa ba, sai ake kiransa da jinginawa ga gidan da ya riƙe shi. Abu Huzaifa ya aura masa ƴar ɗan'uwansa, ƴar manyan Ƙuraishawa, kuma Salim ne ke limancin Muhajirai na farko a Ƙuba, har da Umar a bayansa, domin ya fi su Alƙur'ani.

To, mu dawo gida. Bahaushe ya san riƙo tun kafin ya san takarda. Akan kai yaro yaye gidan kaka ya zauna ke nan. Akan ba goggo ko inna da Allah bai ba haihuwa ba ƴa ta ɗebe mata kewa. Akan ba amarya ƙanwa ta tafi da ita ɗakin miji. Uwa ta rasu, ƴar'uwarta ta ɗauki jinjiri. Aure ya mutu, a raba yara. A littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, za ka ga Bahaushiyar ƙasar Zazzau da ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta rayu tana uwa saboda ƴaƴan dangi da ta riƙa. Wannan al'ada ta rufa wa miliyoyin yara asiri ba tare da kotu ko gidan marayu ba, kuma tana da asali. Masu tarihi sun ambata cewa da fari ya tsananta a Makka, Annabi da baffansa Abbas sun je wurin Abu Ɗalib don su rage masa nauyin iyali, Annabi ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Iyayen suna raye, talauci ne kawai. A riƙonmu yaro ya san sunan ubansa, ya san garinsu. Ta wannan fuska mun tsira daga abin da ya sami ƴan Koriya.

Sai dai sanin sunan uba daban, sanin cewa uban yana son ka daban. A nan ne riƙonmu ke yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Mu fara da gidan haihuwa. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, a haɗa masa ƴan kayansa a leda a ce bi Goggo. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga dalili. Manya sun san dalilin, wataƙila ma girmamawa ce, an zaɓi wanda aka fi ƙauna aka ba babbar yaya. Shi yaron abin da ya gani shi ne su shida ne a ɗaki, shi aka cire. Sannan alkunya ta shigo. Uwa ba ta zuwa duba shi don kada a ce tana sa ido a riƙon da ta bayar. Idan ya zo da ƙorafi sai ta kore shi ta ce koma, uwarka tana can. Idan ɗan fari ne abin ya haɗu biyu, domin dama ba ta kiran sunansa, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. Mu manya mun san cewa a ƙarƙashin wannan kara akwai ƙauna mai ƙuna. Yaro ba ya karanta abin da ke ƙarƙashi. Ranar Sallah ya zo gidansu a shimfiɗa masa tabarma kamar baƙo, ƙannensa suna ce masa na gidan Goggo. Ya koma can kuma ana ce masa ɗan gidan wane. Kowane gida yana jingina shi ga ɗayan.

Alkunya ɗabi'a ce mai kyau, amma ba ta sauke wajibi. Ciyar da yaro da tufatar da shi suna kan mahaifinsa ko yana hannun wa, sai dai idan mai riƙon ya ɗauke masa don Allah. Sada zumunci da ɗan da ka haifa ya fi kowane zumunci kusa. Uban da ya shekara uku bai taka ƙafa ya ga ɗansa ba, bai aika ko da turmin atamfa ko kuɗin takalmi da sunan yaron ba, kada ya kira wannan kara.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo bayan saki. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi cancantar renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar sharuɗɗan reno sun cika. Idan haƙƙin ya faɗi daga hannunta, kamar ta yi wani aure, kakar yaron ta wajen uwa da innarsa suna gaban dangin uba. Wannan yana cikin littattafan da muke karantawa kullum a zaurukanmu. Amma a aikace sai a ƙwace yaro da zarar an yaye shi, a hana uwar ganinsa, idan ya yi kuka a ce masa uwarka ta tafi ta bar ka. Ina bambancin wannan kalma da takardar jabun Koriya? Can ma'aikaci ne ya rubuta, nan kaka ce ko kishiyar uwa ta faɗa, ƙaryar dai ɗaya ce, kuma akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi a kan wanda ya raba uwa da ɗanta.

Gidan riƙo kuwa, yaro ba ya auna shi da kalaman baki. Da akushi yake auna shi. Yana lura wa aka zuba wa nama, wa aka ba ƙanzo. Yana lura da wanda aka sa lakwal da wanda aka ɗora wa tiren talla, wanda aka kai likita da zazzaɓin kwana ɗaya da wanda aka jiƙa wa sassaƙe bayan kwana huɗu. Ɗinkin Sallah kala biyu ga ƴaƴan gida, shi kuma kwancen yayansa. Idan ƴaƴan gida suka yi laifi yarinta ce, idan shi ya yi sai a ce halin gidansu ne. Kalma guda ta gori, ka tafi gidan ubanka mana, tana rushe shekara goma na ciyarwa. Umar ɗan Abu Salama agola ne a gidan Annabi, ɗan Ummu Salama daga mijinta na farko, kuma hadisin da kowa ya sani na ladubban cin abinci a kansa ya zo, domin a akushi ɗaya suke ci, hannun yaron yana yawo a cikinsa, Annabi ya gyara masa cikin taushi. Mun haddace ladabin, mun manta cewa agolan a gefen maigidan yake zaune.

Akwai kuma abin da ake kira riƙo alhali ɗaukar ƴar aiki ce ba albashi. A ɗauko yarinya daga ƙauye a kawo ta Yamai ko Maraɗi ko Damagaram da alƙawarin karatu da kayan ɗaki. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ita ke raka ƴaƴan gida lakwal ta juyo daga bakin ƙofa. Iyayenta suna ƙauye suna sa wa Hajiya albarka. Alƙawarin da aka yi musu shi ne irin wanda aka yi wa iyayen Abeche.

Ranar da ɗan riƙo ya fi sanin matsayinsa ita ce ranar rabon gado. Duk malamin da aka taɓa kira rabo ya ga wannan: saurayin da ya yi jinyar mamacin, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, yana zaune a bakin ƙofa ana lissafi ba sunansa. Hukuncin daidai ne, riƙo ba ya sa gado. Amma Shari'ar da ta hana shi gado ita ce ta buɗe wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba, ta kuma halatta kyauta a lokacin da mutum yake raye da lafiyarsa, muddin an damƙa an karɓa. Aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba dangi da marayu da miskinan da suka halarci rabo wani abu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Wanda ya riƙi yaro shekara ashirin bai rubuta masa ko ɗaki ɗaya ba, ba Shari'a ce ta hana shi ba. Muna kira ga duk mai riƙo da ke karanta wannan ya rubuta wasiyyarsa da shaidu tun yana da ƙarfinsa, kada ya bar wa magada su yi masa kara, domin ranar rabo kara takan yi ƙaranci.

Sai wani abu da ba a son faɗa. Tabannin da muke cewa na Turawa ne yana nan a cikinmu a ɓoye. Gorin rashin haihuwa yana kai mace ga ta yi tafiyar wata da watanni ta dawo da jinjiri a yi suna. A 2014 ƙasar Nijar ta girgiza da shari'ar jarirai kusan 30 da aka ce an samo su daga gidajen sayar da jarirai a Najeriya aka biyo da su ta Benin. Tuhumar ita ce jingina haihuwa ga matar da ba ta haihu ba. Shari'ar ta shafi manyan mutane, har da marigayi Hama Amadou, shugaban majalisar dokoki a lokacin, wanda aka yanke wa shekara guda a 2017, shi kuma ya musanta ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ba hurumin wannan rubutu ba ne ya sake yanke hukunci. Abin lura shi ne hayaniyar siyasa ta cika gari shekara da shekaru, maganar su wane ne iyayen jarirai irin waɗannan, da abin da za a gaya musu idan sun girma, ba ta sami ko kashi ɗaya cikin goma na wannan hayaniya ba.

Masu ɓoyewa sukan ce don kada ran yaron ya ɓaci ne. Niyyar tana iya zama mai kyau, amma irin wannan asiri ba ya ɓoyuwa a unguwa. Yakan fito ne ranar faɗa a bakin rijiya, ko ranar da dangin yarinyar da yake nema suka zo binciken asali, ko ranar da baffanni suka tsaya a kan gado. Yanzu kuma ga gwajin DNA da ya tona asirin shekara hamsin a Koriya. Yaron da ya ji daga bakin maƙiyi yana da shekara ashirin da biyar yakan yi rashi biyu a yini ɗaya, ya rasa asalin da ya ɗauka nasa ne, ya kuma rasa yarda da mutanen da suka rene shi. A ganinmu a gaya masa tun yana ƙarami, kaɗan kaɗan daidai hankalinsa, daga bakin wadda ta goya shi, kuma a haɗa masa da cewa neman sa aka yi aka ɗauko shi.

Wanda ya fi kowa shan wuyar wannan tambaya shi ne jaririn da aka tsinta, wanda fiƙihu ke kira laƙiɗi. Hausawa suna cewa tsintacciyar mage ba ta mage, kuma abin takaici har a kan ɗan Adam ake buga wannan karin magana. Fiƙihu bai san da ita ba. Ɗaukar jaririn da aka yar farali ne na kifaya, idan kowa ya wuce ya bar shi duk gari sun yi laifi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tsinci jariri a zamanin Umar, da aka shaidi mutumin da kirki sai Umar ya hukunta cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, ya bar shi a hannunsa, ciyarwarsa kuma a kan baitulmali. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ɗora renonsa da ciyar da shi a kan wanda ya tsince shi idan baitulmali bai bayar ba. Ko da ta tabbata ta hanyar banza aka same shi, ba ya ɗaukar laifin kowa. Matar nan Bagamidiya da ta zo ta yi iƙirari, Annabi ya jinkirta mata har ta haihu ta yaye, sannan ya damƙa yaron ga wani mutum daga cikin Musulmi ya riƙe shi. Kuma wa ya ce duk wadda ta ajiye jariri ƙin sa take yi? Mahaifiyar Annabi Musa ta sa shi a akwati ta jefa a kogi, Suratul Ƙasas ta ba mu labarin halin da zuciyarta ta shiga. Yarinyar da ta ajiye jinjiri a ƙofar masallaci da asuba, ta naɗe shi da zane mai kauri, ta zaɓi wurin da ta san mutane za su zo cikin minti kaɗan, tsoron mu ne ya kore ta.

Irin waɗannan jarirai sukan ƙare a gidan marayu, saboda masu hali suna tsoron gori da maganar hijabi idan yaron ya girma. Gidan marayu kuwa mafaka ce ta wucin gadi. Binciken da aka yi a kan yaran gidajen marayun Romaniya daga farkon shekarun 2000 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidan ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mutane. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a 2023, gomman jarirai sun mutu a gidan marayu na Maigoma saboda yunwa da zazzaɓi lokacin da ma'aikata suka kasa isa wurin, kafin a kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni. Ma'aikaci yana da lokacin tashi daga aiki, harsashi kuma yana iya tare masa hanya. Maganar hijabi kuwa tana da mafita ga jariri: idan matar gidan ta shayar da shi cikin shekara biyun farko ya zama ɗanta na shayarwa, ƴaƴanta sun zama ƴan'uwansa. Idan ƴar'uwarta ce ta shayar, ita ta zama innarsa ta shayarwa. A Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa ya wadatar, Shafi'iyya suka ce sai sau biyar. Riƙo irin wannan, wanda ake kira kafala, har yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20, Maroko kuma ta yi masa doka ta musamman a 2002 wadda ta sa alƙali ya riƙa bin sawun yaron bayan an ba da shi. Wannan bin sawun shi ne abin da riƙonmu ya rasa, kuma kwamitin masallaci na unguwa zai iya yin sa ba tare da jiran wata doka ba.

Shawara ta ƙarshe ga limamai da masu unguwanni, domin su ake fara kira idan an tsinci jariri. Bayan an sanar da jandarma ko ƴan sanda an kai shi likita, a rubuta komai: ranar, sa'ar, wurin, wanda ya fara ganinsa. Zanen da aka naɗe shi da shi kada a yar, kada a ƙona. Idan akwai laya ko ɗan kunne ko ƴar takarda, a adana a ba mai riƙon amana, ya miƙa wa yaron idan ya yi hankali. A birnin Landan an taɓa yin wani gidan jarirai da aka kafa a 1739, inda matan da talauci ko kunya suka tilasta wa rabuwa da ƴaƴansu suke barin wata alama tare da jaririn, ƙyallen zane, ko kwabo da aka huda, ko maɓalli, don su gane abinsu idan hali ya samu su dawo. Hukumar gidan takan naɗe alamar a cikin takardar shigar yaron ta rufe, ta sauya masa suna, ba a buɗewa sai idan uwar ta dawo. Kaɗan ne suka sami halin dawowa. Alamomin suna nan har yau a gidan tarihi ana zuwa kallo, yaran da aka bar wa su kuwa sun girma sun mutu ba a taɓa nuna musu ba.